Makoki Babu Gawa: Abin da Ya Sami Ekklesiyar 'Yan'uwa

A ƙauyukan Kirista na kudancin Borno da arewacin Adamawa, in aka yi rasuwa ba a jiran sai an gayyaci kowa. Kafin kuka ya lafa a cikin gida 'yan Zumuntar Mata sun iso, wannan da itace a ka, waccan da kwanon gari, wata da bokitin ruwa. Matasa su saɓi diga da shebur su tafi haƙa kabari. Dattawan ekklesiya su zauna da dangin mamaci a tsayar da ranar biso, fasto ya yi addu'a, da dare kuma a kwana ana waƙoƙi ana kaɗa ganga da tulu, don kada masu makoki su kwana su kaɗai da tunaninsu. Bayan an rufe kabari a yi kwanaki ana karɓar gaisuwa a kan tabarma. Wata Lahadi iyalin su fito gaban jama'a da baikonsu, su yi godiya ga Allah da kuma waɗanda suka tsaya musu.

Tsari ne mai kyau, ya kuma daɗe yana aiki. Sai dai duk jikinsa a kan gawa ya dogara. Ita ake wankewa, ita ake rakawa, kabarinta ake nuna wa yara. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara abin da za a yi ranar da aka rasa mutum aka kuma rasa gawarsa, har shekarar 2014 ta zo ta tilasta wa wata ekklesiya guda yin wannan tunani.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, a Garkida ta tsiro, inda 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya ranar 17 ga Maris, 1923. Daga can ta bazu cikin Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da Kilba, ta kafa hedikwata a Kwarhi kusa da Mubi. Duk wanda ya san taswirar yankin ya san abin da wannan ke nufi: inda Boko Haram ta fi yin ɓarna, nan ne gidan wannan ekklesiya. Daga cikin 'yan mata 276 da aka kwashe a makarantar Chibok daren 14 ga Afrilu, 2014, mafi yawa 'ya'yanta ne. Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Michika a Satumba, ranar 29 ga Oktoba kuma mahara suka shiga Mubi da Kwarhi, shugabannin ekklesiyar suka yi gudun hijira zuwa Jos. A 2015 shugabannin suka ce an kashe musu mambobi fiye da 8,000, wasu kimanin 700,000 kuma sun bar gidajensu.

Mutane sun mutu a kan hanya, a gona, a cikin duwatsun Mandara, wasu a bakin iyakar Kamaru. Wanda aka samu sarari aka tona masa rami da gaggawa ya yi sa'a. Fastocin da za su yi jana'izar su ma gudu suke, 'yan zumuntar da za su kawo gari sun watse, wata tana Yola, wata Jos, wata a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao. Mace ta ji labarin mutuwar mijinta a bakin wani da shi ma a bakin wani ya ji.

Abu na farko da aka yi, kuma a ganina mafi muhimmanci, rubutu ne. Dokta Rebecca Dali, matar shugaban EYN na lokacin, Rabaran Samuel Dali, tana yawon raba kayan agaji ƙarƙashin cibiyarta mai suna CCEPI, wadda ke taimakon Kirista da Musulmi baki ɗaya. Duk inda ta je ba buhu kaɗai take miƙawa ba, takan tambayi wa aka kashe, ɗan wane gari ne, yaushe, ta rubuta. Sunayen suka taru suka kai kimanin 10,000. A 2015 aka buga su a manyan takardu aka jera su a babban taron Ekklesiyar 'Yan'uwa ta Amurka a birnin Tampa, aka kira wurin Bangon Warkarwa, mawaƙan Zumuntar Matan EYN kuma suka je suka yi waƙa a taron. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello kan aikin jinƙai.

Wani zai ce, me suna a takarda zai ƙara wa mai kuka? Sai a tuna cewa EYN, kamar ECWA da COCIN da sauran 'yan'uwansu, ba ta koyar da yi wa matattu addu'a. Katolika yana da inda zai kai baƙin cikinsa: ya sa a yi wa mamacinsa Mas, ranar 2 ga Nuwamba kuma kowace shekara ekklesiyarsa tana tunawa da duk waɗanda suka riga mu. Maƙwabci Musulmi shi ma yana da kwanakin da jama'a ke komawa gidan rasuwa, na uku da na bakwai da na arba'in, ko da yake malamai sun yi saɓani a kansu, matar mamaci kuma tana da takabar wata huɗu da kwana goma da kowa ya san da ita. Ɗan EYN abin da yake da shi shi ne jana'iza da kabari da sujadar godiya, sai abin da al'adar ƙabilarsu ta tanada. In aka cire jana'iza da kabari, suna ne kaɗai ya rage da za a riƙe. Jarida takan ce an kashe mutum arba'in a gari kaza, gobe ta wuce wani labarin. Uwa kuwa ba arba'in aka kashe mata ba, ɗa ɗaya ne, yana da suna, kuma tana so ta ji an kira shi a gaban jama'a.

Waɗanda aka tabbatar da mutuwarsu ke nan. Akwai kuma waɗanda suka ɓata, lamarinsu ya fi wuya. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce an kai mata rahoton ɓatan mutum kusan 22,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin, fiye da rabinsu kuma yara ne sa'ad da suka ɓata. Wata masaniyar zaman iyali 'yar Amurka, Pauline Boss, ta fara nazarin irin wannan rashi tun shekarun 1970, a kan iyalan sojojin da suka ɓata a yaƙin Biyetnam. Abin da ta gano shi ne, rashin tabbas yana daskarar da makoki. Mutum ba ya iya yin kuka ya gama, don yin hakan kamar ya kashe ɗan'uwansa ne da bakinsa, ba ya kuma iya ci gaba da rayuwa kamar ba abin da ya faru. Shawararta ga masu taimako ita ce kada su matsa wa iyali su yanke hukunci, a bar su su riƙe duka biyun, wataƙila yana raye, wataƙila ba ya raye, su ci gaba da noma da kai yara makaranta a hakan.

A cikin ekklesiya wannan ba maganar littafi ba ce. Matar da mijinta ya ɓata, matar aure ce ko gwauruwa? In ana raba hatsin gwauraye da marayu, a sa sunanta? In wani ya fito neman aurenta bayan shekara biyar, fasto ya ɗaura ko ya ƙi? In kuma an ɗaura, mijin ya dawo daga daji fa? Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta ce kotu na iya ɗaukar mutum a matsayin ya mutu in an shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba. Ga waɗanda suka ɓata a 2014, wa'adin ya cika tun 2021. Amma kotu sai da lauya da kuɗin mota, ga kuma nauyin baki: wace mace ce za ta tashi da ƙafarta ta je ta ce a rubuta mijinta ya mutu, alhali uwarsa na zaune a gida tana jiran sallamarsa?

EYN na cikin ekklesiyoyin da tun asalinsu, a Jamus a 1708, suka ƙi ɗaukar makami, don haka ramuwar gayya ba ta cikin koyarwarta. Da taimakon 'yan Menonayit, ta aro wani tsarin bita na kwana uku da 'yan Kwaka suka ƙirƙiro a Ruwanda da Burundi bayan kashe-kashen can. Ana tara mutane kaɗan, a bayyana musu cewa rashin barci da firgita da saurin fushi ba rashin bangaskiya ba ne, ciwo ne da ke bin wanda ya ga tashin hankali, sannan a ba kowa dama ya faɗi wanda ya rasa da yadda ya rasa shi. Maganar gafara sai daga baya take zuwa. Wannan jerin yana da hikima, kuma da masu wa'azin jana'iza za su koya da an huta. Sau da yawa tun kabari bai bushe ba ake ce wa mace ta daina kuka, ai Kirista ba ya baƙin ciki kamar marasa bege, ta yafe, ta yi godiya. Ana faɗa da kyakkyawar niyya, amma abin da take ji shi ne an gaji da hawayenta. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki.

Likitoci ma yanzu sun ware wa abin suna. A sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, an sa baƙin cikin rashi mai tsawo a matsayin larurar da ke buƙatar magani: mutum ya wuce aƙalla wata shida, ya zarce abin da al'adarsa ta saba, har yanzu begen mamaci ya hana shi aiki da mu'amala. Mafi yawan masu makoki ba sa kaiwa nan. Waɗanda suka fi faɗawa ciki su ne waɗanda mutuwar ta zo musu ta hanyar kisa ko farat ɗaya, wato irin mutanen da muke magana a kansu. Mai lura da wannan kuwa ba likita ba ne, babu shi a ƙauyen. 'Yar zumuntar da ke leƙawa gidan ce za ta ga cewa wata takwas ke nan tukunya ba ta hau murhu da rana ba. Zumunta a ƙafa take.

Hare-haren ba su ƙare da 2014 ba. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, aka kashe shi, wata guda bayan haka aka kai hari Garkida kanta.

To, ina ekklesiyoyinmu na birni, na Jos da Kaduna da Abuja, da Allah ya ba su gawa da kabari da kwanciyar hankalin yin biso? A nan matsalar ta juye. Gawa takan yi makonni a ɗakin ajiya na asibiti ana biyan kuɗi kullum, ana jiran ɗa ya dawo daga waje ko a gama fentin gida a ƙauye. A buga anko, a buga kalanda da littafin tarihin mamaci, a yi hayar rumfa da kujeru da motar gawa, a yanka saniya. Gudummawar da aka tara tana ƙarewa a cikin tukunya, wani lokaci har da bashi. Ba na cewa a binne mutum kamar ba shi da kowa. Karrama iyaye abu ne mai kyau, kuma taron yakan haɗa dangin da suka shekara ba su ga juna ba. Amma abin kunya ne a ciyar da mutum ɗari biyar ranar Asabar, zangon karatu na gaba a koro 'ya'yan mamacin saboda kuɗin makaranta.

Sai kuma dangin miji. Ba a kowane gida ba, amma kowane fasto ya san labarin ƙanin da ya zo da mota ya kwashe kaya, ko gonar da aka karɓe don matar ta ƙi a gaje ta, ko don 'ya'yanta duk mata ne. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko tarar da ta kai naira 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya tilasta wa matar mamaci al'adu masu cutarwa, jihohi da yawa kuma sun karɓi dokar. A 2014 Kotun Ƙoli ta soke al'adun da ke hana mace gadon ubanta ko zama a gidan mijinta, a shari'u biyu da suka taso daga al'adar Ibo. Doka tana nan. Abin da ake rasawa shi ne dattijon ekklesiya da zai zauna a taron dangi ya ce wannan ba daidai ba ne, musamman in mai ƙwacen shi ne ke ba da baiko mai kauri. Ekklesiyar farko a Urushalima, kamar yadda sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna, ba ta naɗa ma'aikata bakwai ba sai da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci.

Aikin da ya fi amfanar iyali bayan biso ba shi da armashi, shi ya sa ba a rububinsa: bin takardu ne. Takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake karɓa. In mamacin bai bar wasiyya ba, banki da ofishin fansho ba za su saki kuɗinsa ba sai an kawo takardar izinin kula da gado daga babbar kotu, abin da kan ci watanni ana zirga-zirga. Macen da ba ta taɓa shiga ofis ba, tana cikin makoki, ga goyo, ba za ta iya wannan ita kaɗai ba, kuɗin miji da yawa kuwa a haka suke maƙalewa. Kusan kowace ekklesiya ta birni tana da lauya ko ma'aikacin banki ko tsohon akawu a cikin mambobinta. Kwamitin jana'iza yakan watse ranar da aka mayar da kujerun haya. Kamata ya yi a bar mutum biyu daga ciki, mace da namiji, su bi takardun nan tare da iyalin har kuɗin ya fito.