Isidoro, Ɗan Ƙwadagon da Katolika Suka Yi wa Shaidar Walittaka

Daga tsakiyar watan Mayu, manomin Bichi da Ɗambatta da Minjibir ba ya da zance sai na hadari. An kai taki gona, an tara shi tsibi-tsibi, iri na ajiye, rumbu kuwa ya kusa ƙasa. A daidai wannan lokaci, ran 15 ga Mayu, mabiya ɗarikar Katolika ke tunawa da wani waliyyinsu mai suna Isidoro, wanda suke ɗauka a matsayin majiɓincin manoma. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali muna da maƙwabta Katolika. Katolika na da dayosis, wato yankin da bishop ke jagoranta, a Kano tun 1999, babbar majami'arsu ita ce ta Fatima a cikin garin Kano, kuma a karkara akwai Hausawa manoma, jikokin Maguzawa, da ke wannan ɗarika. Sanin wanda maƙwabcinka yake girmamawa yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

Isidoro ya rayu ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 11 da cikin na 12 a Madrid, babban birnin Sifen a yau. A lokacin ƙaramin gari ne, wanda Sarkin Ƙurɗuba Muhammadu na Ɗaya ya kafa a ƙarni na 9 don tsaron iyakar Andalus. Sarki Alfonso na Shida ya ci Toledo a 1085, Madrid ma ta koma hannun Kirista a wannan tsakanin. Ke nan Isidoro ya tashi a garin da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya. Bai yi karatu ba, bai riƙe sarauta ba, bai bar rubutu ko layi ɗaya ba, gonar da yake nomawa ma ba tasa ba ce. Ƙwadago yake yi wa wani mai hali da riwaya ta kira Juan de Vargas, an kuma ce yana haƙar rijiya. Matarsa Mariya ma mutanen ƙasar na girmama ta har gobe.

Mafi daɗewar rubutu a kansa wani kundin Latin ne na ƙarni na 13, wanda ya kawo karamomi biyar na rayuwarsa. Wadda ta fi shahara ita ce ta garma. Abokan aikinsa sun kai ƙararsa cewa kullum sai ya biya majami'a kafin ya iso gona. Maigidan ya laɓe don ya kama shi, sai ya hangi fararen shanu suna huɗa a gefensa, da ya matso bai tarar da kowa ba sai shi kaɗai. Masu riwaya suka ce mala'iku ne. Na san manomin Kano zai ɗaure fuska a nan, don kuwa wanda ya ɗauki kuɗin ƙwadago ya zo rana ta take, ya ci amana. Amma a lura, a cikin labarin gonar ba ta kwana ba. Maigidan ya tarar da aikinsa a gama, kuma a nan ne hujjar Isidoro take.

Ni wadda ta fi taɓa ni ita ce ta hatsi. Wata rana cikin tsananin sanyi, ƙanƙara ta rufe ƙasa, ya ɗauki buhun alkama zai kai niƙa. Ya ga tantabaru a kan reshe, yunwa ta galabaitar da su. Ya share ƙanƙarar da hannunsa, ya zuba musu daga buhun, wanda ke tare da shi yana yi masa dariya. Da aka niƙa, garin ya cika buhu. Duk wanda ya taɓa leƙa rumbu a watan Yuli, yana lissafin damman da suka rage kafin gero ya nuna, ya san nauyin wannan kyauta. Haka labarin tukunya: almajiri ya zo bayan an gama rabon abinci, matarsa ta ce babu saura, ya ce ta sake dubawa, ta tarar da tukunya cike. Riwayoyin baya sun ƙara da cewa ɗansa ya faɗa rijiya, shi da matarsa suka yi addu'a, ruwa ya taso da yaron har baki, da kuma cewa ya soki ƙasa da sandarsa ruwa ya ɓuɓɓugo. Har yau mutanen Madrid na bin layi su sha daga wannan marmaro ranar bikinsa.

Gaskata waɗannan al'amari ne na imani, kowa da aƙidarsa, kuma mu nan ba baƙin zancen karama ba ne. Mun tashi da labarin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na Katsina. Bambancin shi ne a wurin Katolika sai Fafaroma ya tabbatar bayan dogon bincike. Na Isidoro ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Talakawa sun riga hukuma: tun ƙarni na 13 sukan fito da gawarsa, wadda aka ce ba ta ruɓe ba, su yi roƙon ruwa idan fari ya yi tsanani. A 1619 Sarki Filibus na Uku ya kwanta ciwo a hanyar dawowa daga Fotugal, aka kai masa gawar, ya samu sauƙi. Ran 12 ga Maris 1622 Fafaroma Giregori na 15 ya sanya shi cikin waliyyai, rana ɗaya da Ignatius na Loyola da Francis Xavier da Teresa ta Avila da Philip Neri. Huɗun nan malamai ne da masu wa'azi da suka girgiza duniyarsu. Na biyar ɗinsu mai bin bayan shanu ne.

Mu ma a nan gida muna da irinsa. Ƙasar da ke kewaye da Kano ta jima tana ba masana mamaki. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona guda kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba, saboda taki da jakai ke kaiwa, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, da barin itatuwa a tsaye. Hannuwa ne suka yi wannan, kuma da yawansu na 'yan ƙwadago ne, waɗanda gadon uba ya rabu har abin da ya kai gare su bai isa ciyar da gida ba. Ba a kiran sunansu a taron rabon takin zamani, ba a tuna su idan an cika rumbu.

Ga damina nan tafe. Ya kai mai gona, Musulmi ne kai ko Kirista, idan ka ɗauki ɗan ƙwadago bana, ka yi ciniki da shi a fili, ka kai masa ruwa da fura a kan lokaci, ka biya shi a ranar kafin ya bar gonar.