Wasan habaici: Ƙirƙira da sauƙi, sayarwa sai mai haƙuri

A majalisun Sandamu, dara da ludo da karta ne abokan hira bayan la'asar. Amma wasa irinsu mai yi wa masu mulki shaguɓe, samar masa kasuwa aiki ne ja.

A 2006 ƙaramin kamfanin TerrorBull na Ingila ya fitar da War on Terror, mai zolayar yaƙin Amurka da ta'addanci. Manyan shaguna suka ƙi karɓa. A 2008 'yan sandan Kent suka ƙwace shi a sansanin masu zanga-zanga, labarin kuwa ya zame masa talla.

A Abuja, kamfanin NIBCARD ya zaɓi taron AB Con: a zauna a buga wasan, wanda ya ji daɗi ya saya.