Mawaƙin da aka aika wa jirgin sama a daji

Sojojin Hitler sun shiga birnin Vilna, wanda a yau ake kira Vilnius, a watan Yuni na 1941. Kafin shekarar ta ƙare sun tattara Yahudawan birnin a wata unguwa da aka killace, suna kwasarsu rukuni-rukuni zuwa dajin Ponar suna harbewa. Cikin waɗanda aka kulle akwai Abraham Sutzkever, matashin marubucin waƙoƙi da harshen Yiddish.

An kashe mahaifiyarsa. Matarsa Freydke ta haifi ɗa namiji a asibitin unguwar, a lokacin da Jamusawa suka haramta wa Yahudawa haihuwa, sai aka ba jaririn guba ya mutu. Duk da haka Sutzkever bai ajiye alƙalami ba, yana rubuta waƙa yana sa mata kwanan wata.

Jamusawa suka sa shi aikin dole a ginin YIVO, cibiyar nazarin harshen Yiddish da tarihin Yahudawa, inda aka jibge littattafan Yahudawa da aka wawashe. Aikin shi ne tantancewa: kaɗan a aika Jamus, sauran a kai masana'anta a niƙe. Shi da abokinsa Shmerke Kaczerginski da wasu suka riƙa cusa littattafai da rubuce-rubucen hannu a cikin tufafinsu, su ratsa ƙofar da masu gadi ke caje mutane, su je su binne a ƙarƙashin ƙasa. Wanda aka kama, a bakin ransa ne. Abin da ke girgiza ni shi ne mutanen nan yunwa na cinsu, amma suka zaɓi su sayar da rai a kan takarda.

A watan Satumba na 1943, kwanaki kaɗan kafin a rushe unguwar, Sutzkever ya tsere da matarsa zuwa dajin Naroch wurin mayaƙan sari-ka-noƙe. Wata doguwar waƙarsa mai suna Kol Nidre ta isa Mosko, marubuta irin su Ilya Ehrenburg suka karanta, aka yanke shawarar a fito da shi. A watan Maris na 1944 aka aika ƙaramin jirgi. Kafin su kai wurin jirgin sai da suka ratsa fili mai cike da nakiyoyi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa karin waƙa ya riƙa bi a zuciyarsa yana ajiye ƙafa, matarsa na taka sawunsa.

Ranar 27 ga Fabrairu 1946 ya ba da shaida a kotun Nuremberg, inda ake yi wa manyan jami'an Hitler shari'a. An ce masa ya zauna, ya ƙi. A tsaye ya faɗi yadda aka kashe ɗansa. Ya koma Tel Aviv a 1947, ya kafa mujallar adabin Yiddish mai suna Di Goldene Keyt a 1949, ya riƙe ta har 1995. Ya rasu a 2010 yana da shekara 96.