Fetur a cikin kwandon tumatir

Idan aka aike mu cefane muka dawo da tumatir biyar a leda, mai kayan miya muke zargi. Amma tun daga gona tsadar take farawa.

A Unguwar Hajji da sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, masu noman rani da injin ban-ruwa suke jawo ruwa, musamman a kewayen madatsar ruwa ta Challawa. Injin nan fetur yake sha, shuka kuwa ba ruwanta da ƙarin kuɗi: in ta rasa ruwa, bushewa za ta yi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Manomin da ya kasa sayen man sai ya rage fili, amfani ya yi ƙaranci a kasuwa.

Sai kuɗin ɗauka. Mai babur ya ƙara, direban da zai kai kwanduna kasuwar 'Yan Kaba a Kano shi ma ya ƙara. A Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

Kada mu ɗauka manomi ne ya kwashi riba. Mai masara yana iya ɓoye buhunsa ya jira, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Shi ya sa wasu suka juya injinansu zuwa iskar gas, masu hali kuma suka sayi na hasken rana.