Ko Kun Sani?

Ko kun san wurin ajiye motoci na babban filin wasa ya fi filin ƙwallon kansa cin ƙasa nesa ba kusa ba? Ƙa'idar gini ta hukumar FIFA ta ba da shawarar cewa filin da ke ɗaukar mutum 60,000 ya tanadi wurin motoci 10,000 da bas kimanin 500. Mota ɗaya, da hanyar shiga da fita, tana cin kusan murabba'in mita 25. Jimilla kadada 25 ke nan, wato filin ƙwallo 35 masu tsawon mita 105 da faɗin 68.

Sai dai wannan lissafin masu motoci ne. A Sakkwato, yawancin masu zuwa filin Giginya kallon Sokoto United kan kabu-kabu suke isowa, ko Keke Napep, ko a ƙafa. Wanda zai taso daga Horo Birni, ko Shagari, ko Boɗinga, motar haya zai hau. Abin da ya fi buƙata shi ne tashar sauka mai inuwa, da rumfar babura mai mai gadi, da ƙofofi masu faɗi don kada a yi turmutsutsu bayan an tashi.

Rana ma da nata hukuncin. Ana shimfiɗa fili daga arewa zuwa kudu don kada ranar la'asar ta haske idon mai tsaron gida, babbar rumfa kuma a yamma, ta ba rana baya.

Masu zanen sabon fili, ku fara ƙirga babura kafin motoci.