Mi shanunmu suke ci a daji?

Ƴan'uwa makiyaya da manoma, da safe muna kora shanu daji, da marece su dawo. Amma wa ya san abin da suka sa a cikinsu? Fili yana iya yin kore shar, saniya kuma ta kwana da yunwa. Mu dubi makiyayu da burtulan jihar Maradi inda garmani ya mamaye. Daga nesa sai mu ce abinci ne, alhali shanu ratsa shi suke yi suna neman wani abu. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar wajen kilo 6 na busasshiyar ciyawa kowace rana. Idan ba ta samu ba, nono ya ragu, haihuwa ta yi nisa.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce bin saniya. A zaɓi guda wadda ta saba da mutum, don kada ta tsorata. A bi ta kusa-kusa, da safe da kuma la'asar. Duk lokacin da ta cizgi wani tsiro, a ja layi ɗaya gaban sunansa: ƙarangiya, komayya, gadagi, marak, gamba, ko ganyen sabara, ko ƴaƴan gawo. Da dare a ƙidaya layukan. Wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, littafi da alƙalami sun ishe shi. A yi haka da damana, da kaka, da rani, domin abincin saniya yana sakewa da lokaci. Da yawanmu za su yi mamaki: tsiron da ya fi yawa a fili, ba lalle shi ne ta fi ci ba. Saniya tana da zaɓe.

Masana suna da nasu dabaru. Sukan busar da kashin shanu, su niƙa shi, su duba da madubin likita, domin fatar ganye ba ta narkewa duka, kuma ta kowane tsiro da kamanninta. Sukan kuma yi wa sa ƴar ƙofa a maƙogwaro, abin da ya haɗiya ya faɗa cikin jaka. An yi wannan aiki a shekarun 1990 a gidan kiwo na Tukunus, kusa da Filinge. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kada wani ya gwada shi a garkensa.

Mahauta ma shaidu ne. Su suke buɗe tumbi, kuma a garuruwa sau da yawa leda suke tararwa ta dunƙule a ciki.

Kashin saniya kuwa, ko ba madubi yana ba mu labari. Idan ya faɗo da laushi ya baje kaɗan, abincinta yana da kyau. Idan ya fito a bushe, da tauri, ya tsaya tsibi da ƙulli-ƙulli, to kara da tsohuwar ciyawa kaɗai take ci. A nan kada mu jira sai haƙarƙarinta ya bayyana. Mu fara ba ta harawa, ko dusa, ko angurya, da ɗan gishiri ko kanwa, mu soma da masu ciki da masu shayarwa. In kuwa babu halin saye, mu sake makiyaya tun tana da ƙarfin tafiya.