In wuta ta ɗauke, rana tana nan

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. In firigo ya tsaya, nono ya lalace, maganin rigakafin kaji ya ɓaci.

Ga dabara: allon hasken rana ya cika batir, batir ya tada firigo. A sa regilater tsakaninsu don kada batir ya ƙone. Allon ya dubi kudu, a share masa ƙura kullum. Kada a zuƙe batir mai ruwa fiye da rabi. Injin firigo yana jan wuta da yawa wajen tashi, sai a nemi onduler mai ƙarfi.

Firigo a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4. Ku hana yara yawan buɗe shi.